Andrawus Bai Taɓa Kafewa Ba

Duk wanda ya yi tuƙi a Jalingo a shekarun da aka ba mu jihar Taraba ya san Andrawus, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. In aka ambaci sunansa a majalisar direbobi, maganar da ke biyo baya ɗaya ce: bai taɓa kafewa ba. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sitiyari, ba a taɓa samun ranar da motarsa ta zauna a laka ko yashi har mutane suka sa hannu suka tura ta ba. Wanda bai san hanyoyinmu na damina ba zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ya je ya tambayi wanda ya taɓa bin hanyar Lau a watan Agusta.

Sunana Jamil. Tare muka yi aiki da shi a ma'aikatar ayyuka, tare aka kwaso mu daga Yola a shekarar casa'in da ɗaya, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Abbare. Ni kuwa babu ƙaramar hukuma a jihar nan da ba a tura ni ba. An tura ni ta gaba, an tura ni ta baya, akwai ranar da matan zumunta suka taso daga coci da ankonsu suka ciro ni daga wani kwazazzabo suna waƙa. Ban taɓa jin kunyar wannan ba. Amma ba zan ɓoye ba, na ji haushin Andrawus shekara da shekaru, domin da wuya ka so mutumin da kullum da shi ake yi maka misali.

An sha cewa asiri gare shi. Ba shi da ko laya. Gajeren Bamumuye ne mai ƙarancin magana, abin da ya mallaka kawai sandar gora ce. Duk motar da aka ba shi, kafin ya tayar da ita sai ya kwanta a ƙasa ya auna daga ƙasa zuwa inda cikinta ya fi sauka, ya yi wa sandar tsaga da wuƙa. In ya iso ruwa ko taɓo, sai ya kashe mota, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga da ƙafa yana caka sandar har ya haye ya dawo. In wurin ya haura tsagar motar, shi ke nan, sai ya juya, ko wa ke zaune a baya. Ya taɓa ajiye wani babban sakatare kwana biyu a bakin wani rafi, mutumin yana zage-zage da Turanci, shi yana gasa masara.

Abin da ba a faɗa a majalisa shi ne, Andrawus bai san kowa ba a ƙauyukan da ya yi shekara talatin yana ratsawa. Ni in na fita rangadi, da doya nake dawowa, da kaji, wani lokaci har da gayyatar suna, duk daga mutanen da suka taɓa tura ni. Wanda ya shiga laka dominka har gwiwa ba ya manta fuskarka. Andrawus da mota tsaf yake dawowa, ya wanke ta duk da haka, ya shige gida wajen matarsa Cecilia.

Da muka yi ritaya, wani ɗan kwangila mai suna Alhaji Saleh ya ɗauke mu duka biyu. Andrawus yana jan shi, ni ina jan tsohuwar a-kori-kurar gidan, mai ɗaukar siminti da dusa da duk abin da ba a so a gani a ƙofar gida. Alhaji Bafulatanin gari ne, amma garken gidansu yana can bayan Sunkani a gindin duwatsu, a hannun yayarsa Goggo Fanta.

A farkon daminar casa'in da tara Alhaji ya sayar da shanu ya sayo mota daga Legas. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita ta kai kanta daji ba. Irinta ba ta taɓa shigowa Jalingo ba. Launin zinare ce, ƙirar jif, kujerun fata, giyarta otomatik, gilasanta da maɓalli suke hawa da sauka. Kujerar direba ma in ka danna wani abu sai ta ɗumama maka mazaunai, a garin da rana ke dafa ƙwai a kan bonet. Mutane suka yi sati suna zuwa kallo.

Andrawus bai ce ta yi kyau ba, bai ce ba ta yi ba. Ya ɗauko sanda, ya kwanta a ƙarƙashinta, ya daɗe. Da ya fito ya yi tsaga, sai muka ga sabuwar tsagar ta faɗo ƙasa da ta a-kori-kurata da yatsa uku.

Ya ce, “Alaji, motan nan jikinsa ne kawai jif. Cikinsa na gari ne.”

Alhaji ya ce, “Kai, Andrawus. Fowil ne fa. Taya huɗu duka yana ja. Ga hoto a littafinsa, yana kan dutse.”

“Wanda ya ɗora shi a dutsen bai shiga hoton ba, Alaji. Oksilari babu, wannan ƙaramin giya na laka. Taya na kwalta ne. Salansa kuma, bututun hayaƙi, ga shi nan yana gaida ƙasa.”

Da abin zai tsaya nan, da ba ni da labari. Amma gidansu Alhaji suna da wata al'ada tasu tun kakanni: duk abin da aka sayar da shanu aka saya, sai an kai shi ruga babba ya gan shi ya yayyafa masa madara, in ba haka ba an raina garke. Lokacin da Alhaji ya sayi gidansa na Abbare, ƙyauren zaure aka ɓalle na kai a mota, Goggo ta yayyafa masa madara, na dawo da shi aka mayar. Andrawus ya tuna da wannan, ya kawo shawara a cire ƙofar baya ta motar ko safayar taya a kai. Alhaji ya ce gida ba ya tafiya, shi ya sa aka kai ƙyaurensa, mota kuwa da ƙafarta za ta je. Ya riga ya aika wa Goggo Fanta, kuma ya faɗa a gaban mutane.

A lokacin Andrawus ya riga ya sanar cewa ranar Kirsimeti zai ajiye makulli gaba ɗaya. Wata biyar suka rage masa ya fita da sunansa ba tabo. Na ga yadda ya kalli motar nan, na ji daɗi a raina, Allah ya yafe mini.

Muka tashi ranar wata Litinin cikin Agusta, shi da Alhaji a gaba, ni a baya da buhunan kanwa. Har Sunkani ba abin da ya faru. Daga inda muka saki babbar hanya zuwa ruga mil tara ne, da rafi uku. A taɓon farko Andrawus ya tsaya ya auna, ya dawo ya buɗe bayan a-kori-kurata ya sauke abin da ya ɓoye a ƙarƙashin kanwa: diga, shebur, da dogayen katakai biyu. Ya shimfiɗa katakan, ya hau da motar a hankali, ya sauko, ya zaro su daga baya, ya sake shimfiɗawa a gaba.

Alhaji ya yi awa biyu yana kallon wannan ta gilas. Da ya ga har yanzu yana iya karanta allon makarantar da muka wuce da hantsi, sai ya tattare babbar rigarsa ya dawo motata. Mun kafe sau uku, an tura mu sau uku, muka isa ruga kafin la'asar.

Andrawus kwana tara ya yi a hanya. Inda katako bai isa ba ya sare tudu da diga, inda rami ya yi zurfi ya cika da duwatsu, shi kaɗai, don bai saba neman hannu ba, mutane kuma ba su san shi ba balle su miƙa. Kallo dai sun yi. A rana ta uku mata suka fara bin motar da dafaffiyar masara da gyaɗa suna sayar wa 'yan kallo, a rana ta biyar wani mahauci ya kafa tukuba. Duk safiya sai ya matsar da tukubar gaba kaɗan. Ni nake kai masa abincin da Cecilia ta aiko, kuma duk zuwa sai na kafe a gabansa an tura ni, ya ɗaga kai ya kalla ya ci gaba da haƙa.

A rafi na uku, wanda ake ce wa Mayo Petel, ya yi kwana biyu yana jera duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Ya haye. Ya shigo ruga ranar Talata da azahar, motar ba ko ƙwarzane, shi kuma ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Goggo Fanta tsohuwa ce doguwa wadda ba ta dariya sai da dalili. Ta zagaya motar sau biyu da ƙwaryar madara, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi, ta daki gefenta da tafin hannu yadda ake yi wa saniya a kara.

Ta ce wa ƙanenta, “Saleh, wannan ne shanun? Ƙafansa gajere, cikinsa yana ja. Nagge na gari ne wannan, ba ya kiwo.”

Ta yayyafa madarar duk da haka. Alhaji ya ce alhamdu lillahi, ya shige a-kori-kurata ba tare da ya kalli kowa ba, ya ce Andrawus ya huta ya biyo mu gobe. Muna haye Mayo Petel hadari ya haɗo. Ruwan da aka yi a yammacin nan ya tafi da duwatsun Andrawus, da tudun da ya sare, da katako ɗaya.

Sati biyar motar tana ruga. Andrawus yana tare da ita. Kullum da safe ya je rafi da sanda ya auna, ya dawo ya tayar da injin ya ɗumama, ya wanke ta, ya kori 'yan maruƙa masu lasar fitilunta. Zabi suka yi ƙwai a ƙarƙashinta har suka ƙyanƙyashe. Na ce masa ya rufe ta ya biyo ni, in rani ya yi a zo a ɗauka.

Ya ce, “Ban kafe ba, Jamil. Ka duba, mota yana tsaye a ƙasa mai tauri. Jira nake.”

Maganar ta kai majalisa, gindin mangwaron da tsoffin direbobi ke zama a bayan tasha. Aka yi kwana uku ana muhawara, har mutum biyu suka daina gaisawa. A ƙarshe Malam Nasiruddeen, wanda ya girme mu duka kuma maganarsa ce hukunci, ya yanke cewa jira ba kafewa ba ne, ko shekara za a yi. Amma direban da ya tafi da mota ya dawo gida a ƙafa ko a motar wani, wannan ya kafe, ko laka ba ta taɓa tayarsa ba. Ni na kai wa Andrawus hukuncin. Ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne, da shi ne ma haka zai yanke.

Mutanen ruga kuwa sun ɗauke shi babban mutum. Ba su taɓa ganin wanda ya yi wa abin da aka ba shi amana irin wannan kiwon ba. Suka yi masa bukka, suna kawo masa kindirmo da safe, in za su wuce ta gabansa sai sun rage murya. Shi ma ya fara koyon gaisuwa da Fulatanci. Ina zuwa na tarar da shi zaune a tsakiyar dattawa, ba ya jin abin da suke faɗa, amma yana nan.

Matsalar ita ce an sa bikin Mabel 'yar Andrawus ranar Asabar ta ƙarshen Satumba, kuma tun kafin tafiyar nan Alhaji ya yi alkawari da sabuwar motar za a kai amarya coci. Ranar Larabar makon Cecilia ta leƙo ta kan katanga.

Ta ce, “Baban Saliha, ka gaya wa abokinka, in bai zo ba kai ne za ka riƙe hannun Mabel ka kai shi gaban pasto. Da hulanka da carbinka. Ni na gama magana.”

Na isa ruga ranar Alhamis na isar da saƙon yadda aka ba ni. Washegari da sassafe muka je Mayo Petel tare. Ya shiga ya auna, ruwan ya haura tsagar da yatsa huɗu, ƙasan kuma yashi ne mai zurmawa. Ya fito ya jira awa guda ya sake aunawa, ya ga ya ƙaru da rabin yatsa, don ana ruwa a kan duwatsu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon sandar. Sannan ya sa takalminsa ya je ya tayar da motar.

Duk rugar ta fito rakiya, maza wajen ashirin da mata da Goggo Fanta. Na fara hayewa da a-kori-kura, na kafe kamar yadda na saba, suka tura ni suna raha, na ajiye ta a ƙetare. Andrawus ya shigo a hankali, yadda ya kamata, ba wanda zai ce ya yi kuskure. Ya kai tsakiya. Sai motar ta yi wani ɗan nishi, cikinta ya zauna a kan yashi, tayoyin huɗun da Alhaji ke alfahari da su suka yi ta juyawa a banza suna feshin ruwa. Ya gwada baya, ta ƙara zama. Ya kashe ta.

Na yi shekaru ina jiran ranar nan. Na sha tsara abin da zan faɗa. Da ta zo, ban ji daɗin komai ba.

Na juya in kira mutane, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mazan nan ashirin duk sun juya wa rafin baya. Wani yana nazarin gajimare, wani yana gyara igiyar takalmi, mutum biyu sun dage suna tattauna wata bishiya. Matan sun ja mayafi sun koma bayan tudu. Ba mugunta ba ce. Ni suna tura ni ba tunani domin na daɗe da sallama kunyata, tun kafin in shiga ruwa nake kiran jama'a. Andrawus kuwa baƙonsu ne mai girma, sun san abin da sunan nan yake a wurinsa, kuma a wajensu ka tsaya kana kallon dattijo a lokacin da ya faɗi, cin mutunci ne. Ba za su gani ba, balle su taɓa, sai in shi ya kira da bakinsa. Shi kuma shekara talatin da ɗaya bai taɓa kira ba.

Haka aka yi cirko-cirko fiye da rabin awa. Mota a tsakiyar rafi da gilasai a rufe, mutum ashirin suna kallon gabas, ruwa yana hawa a hankali har ya fara taɓa gindin ƙofa.

Na shiga ruwan na je na ƙwanƙwasa gilas. Ya sauke shi kaɗan. Hannayensa biyu suna kan sitiyari, takalmansa cikin ruwa, idonsa a gaba.

Ya ce, ƙasa-ƙasa, “Jamil, yaya ake cewa?”

“Yaya ake cewa me?”

“In mutum yana so a tura shi.”

Na so in yi dariya, sai na ga da gaske yake. Na ce ai ba wata kalma ta musamman, kiran mutane kawai ake yi. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, abin da ya fito ko ni da ke jingine da ƙofar ban ji ba.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na ce masa, “Fito. Sun juya baya, ba mai kallo. Ni in an ƙara mini ɗaya, wa zai lura?”

Ya dube ni. Ya buɗe ƙofa, ruwa ya kwararo ciki, ya zagaya baya. Na hau kujerar, na mayar da giya firi, na fito da kaina ta taga na ɗaga murya yadda na saba: “Jama'a, Jamil ne, na sake. A taimaka.”

Sai ka ce an sako su daga turke. Suka juyo gaba ɗaya, suka afka cikin rafi suna dariya, suna cewa kai Jamil, kai Jamil, wa ya ba ka motar manya. Duk sun ga wanda ya shiga da ita, amma ba wanda ya nuna ko a fuska. Suka kama ta ta ko'ina, rabi ɗagawa rabi turi. Ta madubi na hango Andrawus a tsakiyarsu. Bai iya ba. Ya ɗora tafukan hannu a kan gilashin baya kamar mai neman tsari, sai wani dattijo ya kama shi ya juya shi, ya nuna masa yadda ake sa kafaɗa. Da motar ta ɓalle ta yi gaba, Andrawus ya tafi da fuska cikin laka. Mutum huɗu suka ɗago shi, wani yana share masa ido da gefen rawani, wani yana bubbuga bayansa. Na zauna da mutumin nan katanga ɗaya shekara takwas, ranar na fara jin yadda dariyarsa take.

Motar ta tashi bayan mun shanya ta awa uku, ban san yadda aka yi ba. Abin da ya same ta kawai, waifa mai share gilas ta kama aiki ta ƙi tsayawa. Haka aka kai Mabel coci ranar Asabar, rana tsaka ba ko gajimare, waifa tana kaiwa tana komowa, cikin motar yana warin rafi da tsamin madara. Andrawus ne ya tuƙa, ya fito ya zagaya ya buɗe mata, ya riƙe hannunta suka shiga. Alhaji bai sake barin motar ta sauka daga kwalta ba har ya sayar da ita. Ra'ayina a kanta har yau, mota ce mai daɗi ƙwarai in dai wani ya riga ya yi mata hanya.

Ranar Litinin na je majalisa na ba da labarin yadda muka shirya. Na ce na roƙi Andrawus ya bar ni in ɗana motar ko sau ɗaya, ya tausaya mini, na shiga da ita rafi na kafe. Aka yi dariya, aka ce ai ba sabon abu ba ne. Malam Nasiruddeen ya ce tunda ba Andrawus ke kan sitiyari ba, sunansa yana nan. Na ɗauka an gama.

Sai Andrawus ya miƙe ya ce, “Ƙarya Jamil yake yi. Ni na shiga da shi. Ni na kafe.”

Malam Nasiruddeen ya girgiza kai ya ce, “Kun ga mutumin kirki. Yana so ya rufa wa abokinsa asiri.” Jama'a suka ce wallahi haka ne. Andrawus ya rantse da Littafi Mai Tsarki, suka ce sun ƙara ganin girmansa. Ya juyo gare ni ya ce in faɗi gaskiya. Na faɗa, aka ce lallai Jamil ba shi da kunya, an ba shi hannu yana neman ya shafa wa mutum laka.

Abin ya tsaya masa a rai yadda ban zata ba. Da farko na ɗauka tsoron Allah ne kawai, ba ya son yabon ƙarya. Daga baya na gane ba shi ke nan ba. Ranar nan ita ce rana ɗaya a duk aikinsa da mutane suka shiga ruwa dominsa, suka taɓa shi, suka yi dariya tare da shi, kuma ni na karɓe ta da sunana. Na yi nufin in tsare masa abin da yake tattali, ashe abin da ya samu ne na ɗauke.

Da rani ya yi, bayan ya ajiye makulli, ya sa na kai shi ruga tare da Malam Nasiruddeen don a ji daga bakin shaidu. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Andrawus ya tambayi dattawan ɗaya bayan ɗaya wa ya shiga da mota rafi. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce Jamil ne. Ya juya wajen Goggo Fanta, ya ce ita ba ta tsoron kowa, ta faɗa.

Goggo ta dube shi da tausayi ta ce, “Malam Andrawus, mu bayanmu muka juya. Muryan Jamil muka ji.”

Bai daina ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi a gidan biki ko layin asibiti sai ya ba shi labarin Mayo Petel, da yatsa huɗu, da yadda laka ta shiga hancinsa. Mutane su saurara, su yi murmushi, in ya tashi su ce tsufa ya fara taɓa Baba, amma ka ji har yanzu yana kare wannan Jamil ɗin. Matasan direbobi suka riƙa nuna ni a hanya, ga wanda ya jiƙa motar Alhaji Saleh. Ban damu ba, na saba.

Ya yi 'yan shekaru yana noman doya a bayan gari kafin ciwo ya kwantar da shi. Ana gobe za a kai shi asibiti, tafiyar da bai dawo ba, na shiga duba shi da hantsi. Cecilia ta ba mu wuri. Ya rame sosai, magana tana yi masa wuya. Ya kama hannuna ya jawo ni kusa.

Ya ce, “Jamil, kai dai ka san na kafe ko?”

Na ce, “Na sani. Ka kafe, Andrawus. Kafewa mai muni ma. Ni da na fi kowa sanin abin, ban taɓa yin irinta ba.”

Ya lumshe ido yana murmushi, ya ce, “Mutum ashirin fa.”

Na ce, “Da ɗaya. Kai ma ka tura.”

Ranar jana'izarsa cocin ya cika har waje, direbobi da yawa, da wasu dattawa daga ruga da suka tsaya nesa a gindin bishiya. Pasto ya yi wa'azi mai tsawo a kan bawan Allah wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a kan hanya bai taɓa kafewa ba ko sau ɗaya, jama'a suka amsa da amin. Ina tsaye a bakin taga ta waje. Na ce ƙarya ne, da ƙarfi kuma na faɗa, amma na kusa da ni suka ce in yi haƙuri, kowa ya san yadda na ji da rashinsa.